Abin da Muka Tarar a Bangon Kicin

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, muka tashi gyara gidanmu na unguwar Nzeng-Ayong, a babban birnin Gabon. Tsohon gida ne, Baba ya saya a hannun wasu 'yan ƙasa, ƙabilar Fang, tun ina goye. Kicin ɗin ɗan tsurut, in Umma ta shiga da tukunya ni sai dai in tsaya a ƙofa. Burinta ɗaya, a fasa bangon da ya raba kicin da sito, a haɗe su.

Kawuna mai shago a unguwar Alibandeng ya kawo mana ɗan kwangila, wani ɗan Gabon mai ƙatuwar mota. Ya zagaya gidan, ya ce mini da Faransanci, "Zan yi aikin. Amma ni ba na taɓa tsohon gida sai na nemo masu shi na farko, na gaishe su, na tambaya ko sun bar wani abu."

Na fassara wa Umma. Ta ce, "Sun bar me? Tsintsiya?"

Ni kuwa lokacin na gama lise, wato sakandare, kaina na hayaƙi. Na ce, "Umma, sai mu zauna jiran gaisuwa? Ni zan tsaya a kan aikin." Na samo magina biyu 'yan Togo, na sayo siminti, na riƙa tsayawa a kansu da lema. Suna ce mini "patiron", wato shugaba, suna ƙunshe dariya, don ko bulo mai kyau da marar kyau ban iya bambancewa ba.

Ranar fasa bangon, bayan Azahar ne, rana tsaka, rediyon maƙwabta na ta kiɗa. Babban maginin yana duka da guduma sai ƙarar ta sauya, ta koma kamar ana buga ganga. Ashe bango biyu ne, da fili a tsakaninsu. Ya leƙa. Ya ajiye gudumar a hankali, ya yi wa ɗan'uwansa magana da yarensu, suka fice. Ko takalmansu ba su ɗauka ba.

Na leƙa ni ma. Wani abu ne kamar doguwar ganga ta ɓawon itace, an ɗaure da igiya, yana warin tsohon manja. Har yau ban san abin da ya kai hannuna kan murfin ba. A ciki, ƙoƙon kan mutum ne, an shafe shi da jan gari, sumul, yana sheƙi kamar jiya aka goge shi.

Ban yi ihu ba. Umma ta zo bayana, ta gani, ta yi salati, ta ce, "Wallahi ba zan ƙara kwana a gidan nan ba. A sayar." Ta shiga ɗaki ta fara cusa kaya a jaka. Gidan nan shi kaɗai Baba ya bar mana. In muka fita, sai ɗan ɗakin bayan shagon Kawu.

Na kira ɗan kwangilar a waya, na faɗa masa. Ya ce, "Kin buɗe? Ke da kanki? Mata ba sa kallon wannan." Kafin La'asar ya iso da wata tsohuwa, 'yar mai gidan na farko, tare da jikanta, magidanci. Tsohuwar ta zauna a tsakar gida, ta juya wa kicin baya. Jikan ya shiga, ya fito rungume da abin a cikin zane.

Tsohuwar ta ce kakansu ne. Da can suna ajiye ƙasusuwan magabata a gida, suna girmama su. Da aka zo ana ƙwace irin waɗannan, mahaifinta ya ɓoye, ya rasu bai faɗa wa kowa wurin ba. Ta yi mana godiya, har da hawaye. Na ɗauka an gama ke nan.

Sai ta kama hannuna, ta ce, "Ma fille, 'yata, ɗayan fa?"

"Wane ɗayan, Maman?"

"Su biyu ne, shi da ƙanensa. Ba a haɗa su wuri ɗaya." Ta bi bangayen gidan da kallo, ɗaya bayan ɗaya. "Ban san wanne ba."

Umma na tsaye da jakarta, ta ce, "Me ta ce?" Na faɗa mata kamar yadda na ji. Sai ta sauke jakar, ta zauna a kanta.

"To, tun kina goye muke tare da shi," in ji ta. "A nan na haifi ƙannenki, a nan aka yi wa babanku wanka. Bai taɓa ce mana ko ƙala ba. Maƙwabci ne ke nan. Ba zan bar gidan mijina ba, kuma ba za a rushe mini shi ana nema ba. Amma daga yau ko ƙusa kada wanda ya sake bugawa."

Ɗan kwangilar ya toshe inda muka fasa, aikin ya tsaya nan. Muna gidan har yanzu.

In ƙawayena suka tambaye ni ko su tsaya a kan gyaran gida da kansu, nakan ce su tsaya, amma su fara zuwa gaisuwa. Sai su yi dariya, ni ma in taya su. Umma tana barcinta lafiya lau. Ni dai gadona a tsakiyar ɗaki yake, ba ya taɓa kowane bango.