Dutsen Bushiya

Tun kafin wani ya tona, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Amma a daure a kai ƙarshe, domin wawan ya yi rana.

A Kwali na tashi, a hannun kakata Iya Kande, mai sarar tukwane a wajen Gwarawa tana kaiwa kasuwa. Bokona aji huɗu ne, shi ma na huɗun rabinsa a bakin rafi na yi shi. Makarantar da ban taɓa yi wa fashi ba ita ce gindin murhun Iya. Da an ci tuwon magariba sai ta tura doya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ta wuce shi," sannan ta dube ni, don da ni take.

Wani maraice ta ba mu ta Bushiya. Wai an yi fari a dawa, ruwa ya rage a ido ɗaya tak, sai wani ƙaton dutse ya gangaro ya toshe shi. Giwa ta sa goshi ta tura har jiri ya ɗebe ta. Ɓauna ta karya ƙaho. Zaki ya yi wa dutsen ruri, dutse bai san ana yi ba. Sai ga tsohuwar Bushiya tana gangaro da ɗan dutse kamar ƙwallon dabino, dabbobi suna ta dariya. Ta ajiye shi dab da babban, ta sa aka jawo doguwar giginya, aka cusa bakinta ƙarƙashin babban, aka ɗora ta a kan ƙaramin. Ta tafi can ɗaya ƙarshen, ta kira ɓera da kwaɗo da zomo suka hau suka zauna. Dutse ya ɗaga, ya mirgina, ruwa ya ɓalle.

Muka ce ƙarya ne. Iya ta ɗauki muciya, ta cusa ƙarƙashin tukunya cike da ruwa, ta tokare da wani ɗan dutse, ta danna ɗaya bakin da yatsa guda. Tukunya ta ɗaga gindi.

Kowa ya ga dabara, ni kuwa da zurfin ilimina asiri na gani. Na sace ɗan dutsen, na ƙulle shi a bakin wando, gari na wayewa na je na tsokani Tanko ɗan maƙeri, wanda ya yi biyuna, na ce ya fito kokawa. Ya yi ta shimfiɗa ni a ƙasa har sai da ya gaji.

Da Iya ta ji, ta yi dariya har ta ƙware. Tana gasa mini ƙugu ta ce, "Kai mijin banza, dutse ba shi da asiri, wurin zamansa ne asirin. Shi ya matsa kusa da kaya, kai ka ja baya."

Shekaru suka wuce, Iya ta riga mu gidan gaskiya. Soja suka koma bariki, farar hula suka hau, Abuja ta kama gini kamar gobe za a hana. Ni kuma ina sayar da katako da azara a Dei-Dei, kasuwa ta buɗe, tumbi ma ya buɗe.

Wani hantsi ana sauke zoben kwalbati na kankare daga mota, igiya ta tsinke, zobe ya kife a kan ƙafar Bitrus direba. Ƙarti suka rufa a kai da hannu. Su ɗan ɗaga, nauyi ya rinjaye su, ya koma kan ƙafar. Motar ɗaga kaya kuwa tana cikin gari, an ce sai yamma. Bitrus ya daina ihu, ya kama bakin rigata ya ce, "Oga Sale, ƙafan nan shi ne abincin yarana."

Wallahi muryar Iya na ji a kunnena. Na daka musu tsawa su daina, na sa aka jawo azarar da ta fi kowacce tsawo a shagona, aka cusa bakinta ƙarƙashin zoben. Na tokare da bulo. Bulon zamani kuwa, yashi ya fi siminti yawa, muna dannawa ya zama gari. Na ji wasu sun fara tsaki. Na aika aka ɗauko gungumen da mahauci ke sarar ƙashi a kai, na tura shi har ya kusa taɓa zoben. Sannan na ja baya, na tafi can ƙarshen azara, na yi bisimilla, na kwanta a kai da cikina.

Zobe ya tashi. Tafin hannu guda kawai, amma ya isa, aka zare Bitrus. Kasuwa ta kaure da sowa. Samari suka so su ɗaga ni sama, suka gwada, suka fasa. Ƙafar ta karye, mai ɗori ya ɗora, kuma har yau Bitrus yana tuƙi, da ɗan ɗingishinsa.

Tun daga ranar nake ganin dutsen Bushiya ko'ina: a almakashi, a awartaki, a ƙafar baro, a hamar da ke cire ƙusa. Na kuma gane Iya ba dutse kaɗai take nufi ba. Abin da ya fi ƙarfinka, rungumarsa ba ta motsa shi. Ka nemi inda za ka tokara, ka ba shi tazara.

Haka nake bayyana wa jikokina kwanan baya, ina cewa a tarihin Dei-Dei kaf ba a yi Bushiya kamata ba. Uwargida Hajiya Ladi tana tsinkar zogale, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Malam, Bushiya tana kwance a maƙabartar Kwali. Kai Giwa ce aka nuna wa wurin zama."