Buhun Daurin da Ban Ƙone Ba

Samari, ni leburan duba-gari ne a da, tun garin nan ana ce masa Abuja, ba a sa masa Suleja ba. Aikina ƙone abin da aka kama a kasuwa. Ina da rufin asirina, amma ido ya fi ciki yunwa.

Da gwangwanin kifi na fara. In aka ce ya kumbura a binne, sai in zaɓi masu dama-dama in sa a aljihu. Ba wanda ya mutu, sai na ɗauka duba-gari fi'ili kawai yake yi.

Wata damina jarirai suka yi ta gudawa da amai. Aka bi diddigi, ashe wani dauri ne, sassaƙen da ake jiƙa wa jarirai, an shanya shi a bakin kwata, ɓeraye sun bi ta kai. Mai shela ya zaga gari, duk wanda ya saya ya dawo da shi. Aka tara buhu uku, aka shafa musu jan fenti.

Maigidana ya ce, "Ka ƙone su ƙurmus. Akwai ƙwayoyin cuta a ciki, ido ba ya ganinsu."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Na ƙone biyu. Na ukun na shinshina, na ji ƙamshinsa lafiya lau, na sayar wa wata mai magani a Diko.

A Diko ƙanwata Ladi take aure, tana goyon ɗan fari, Habu. A wurin matar nan ta sayi dauri. Kwana huɗu yaron ya yi yana zawo, ya rasu a hanyar asibiti. Da ni aka sa shi a kabari, ban san hannuna ne ba, sai da 'yan sanda suka ga jan fenti a rumfar matar, ta faɗi sunana.

Shekara biyar na yi a gidan yari. Ladi ba ta taɓa leƙo ni ba, ban kuma ga laifinta ba.

Da na fito na je na durƙusa a gabanta ina kuka. Ta ce, "Yaya, nawa na yafe maka. Na Habu kuwa, sai kun haɗu."

Na tuba, ina kuma roƙon Allah kullum. Ku dai in an damƙa muku amana, ku riƙe ta, ko da ta ƙone shara ce. Ni yanzu ba abin da nake tsoro kamar haɗuwata da yaron da ko yaye shi ba a yi ba.