Sallamar Umma a Tashar Jirgin Madina

Duk sanda na ji ƙanshin gyaɗa a kasko, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na Hindawiyya, Kaka na dakan dakuwa, zufa na tsiyaya a wuyanta saboda zafin Jidda mai ɗanko. A gidanmu, dakuwa na nufin tafiya ta taso.

Da ƙafa Kaka ta zo ƙasar nan daga ƙasar Hausa tun tana budurwa, kuma ta ga waɗanda aka binne a hanya. Shi ya sa ba ta yarda akwai ƙaramar tafiya ba. Ko Madina za mu, sai ta ja hannuna mu bi lungu gida-gida. "Ku yafe mini," take cewa, "mai tafiya bai san dawowarsa ba." Maƙwabta su yafe, su ƙara mata dabino a guzuri. Ni kuwa kunya kamar in nutse, don yaran unguwa na yi mini tsiya wai za mu birnin Sin.

Lokacin babu jirgin ƙasa. Tsohuwar bas ce, a wuni ana jijjiga, direba kuma ya jira duk wanda ya makara. A irin wannan tafiyar ce Kaka ta kwanta ciwo, a Madina aka binne ta. Ban sake yi wa sallamarta dariya ba.

Na girma, na ga an fara kafa ƙarafan tasha a Sulaimaniyya, har ta zama ginin da aka sani yau, mai sanyi da matakala masu tafiya da kansu. Ita kuwa Umma, mahaifiyata, gwiwoyinta sun gaji, bas ta fi ƙarfinta. Ta daɗe rabonta da Madina, kuma ina tsoron ta bar duniya ba ta sake gaida uwarta, Kaka, a makwancinta ba. Bana na yanko mana tikiti, na kawo mata da murnata.

Sai ta ce ba za ta ba. "Wa zan yi wa sallama? An rushe unguwa, kowa ya kama gabansa."

Na yi lallashi, na yi fushi, duk a banza. 'Yata ce, wadda Hausarta ke ɗingishi, ta ɗauki wayar Umma ta yi ta kiran mutane da Larabci. Ta ce wa kakarta ta zo dai ta ga tashar, ba dole.

Muna shiga, sai ga su a jere kan kujeru: tsofaffin maƙwabtanmu, wasu daga Sharafiyya, wasu daga can bayan gari, kowace da sandarta da ƙullin dabino. Umma ta tsaya cak, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana hawaye tana neman gafara. Babbarsu ta dafa ta. "Halas, shi ke nan, mun yafe. Yalla, yi sauri, wannan ba bas ba ce da za ta jira ki."

Unguwa ta tafi, amma mutanenta suna nan, na gani da idona. Har mun kai ƙofar shiga na juyo, da furfurata, na ce, "Iyayena, ni ma ku yafe mini."

Tsohuwar ta ƙyalƙyale da dariya. "Mun yafe, ɗana. A gaida mutanen Sin."