Mazarin da Ke Cikin Kwalin Ashana

Bana shekara arba'in da uku ke nan da rasuwar 'yata Safiya. Tana da sha huɗu Allah ya karɓi abinsa, muna zaune a unguwar Kurayyat, can ƙasar Larabawa kusa da bakin teku.

Babanta dako yake yi a tashar jirgin ruwa. Wata rana suna sauke katakon da ya zo daga ƙasashen sanyi, ya tsinci busasshen mazari a tsakanin katakai, ya sako mata shi a kwalin ashana. Yarinya ce mai son ƙwari. Duk mazarin da ke shawagi kan ruwan da ke kwanciya a layinmu bayan an yi ruwan sama ta san shi, jajaye da masu ruwan ƙasa. Wannan kuwa ta ce ba namu ba ne, kore ne mai duhu, yana ƙyalli kamar ƙarfe. Ta ƙudura sai ta san sunansa. Malamarsu ta ce ta kawo shi ran Asabar su duba a babban littafi.

Ran Alhamis zazzaɓi ya kayar da ita. Maƙwabciyata Hajiya Kande ta ce ba a kwana ɗaki ɗaya da mushen abin da ba a san asalinsa ba, in fitar da shi, halas, magana ta ƙare. A lokacin ko alif ban sani ba, ga tsoro. Na jefa kwalin a murhu.

Da ta ɗan farfaɗo ta ce, "Umma, yana nan ko?"

Na ce yana nan, na adana mata. Kwana biyar tana tambaya, ina ba ta amsa ɗaya, har ta daina tambaya.

Daga baya na shiga ajin manya na koyi karatu. Bara jikata, 'yar ƙanenta, ta nuna mini a waya cewa yanzu hoto kawai ake ɗauka, sunan ƙwaro ya fito. Na ce da Safiya ta ga wannan zamani, da an sha fama kafin a raba ta da wayar nan. Jikar ta jero mini korayen mazari kala-kala, wani mai ɗigo biyu rawaya a ƙugu, wani babu. Ta kira ni kaka da Larabci ta ce, "Jidda, wanne ne?"

Na daɗe ina kallo. Safiya ta bar mini son in san abu kafin in ji tsoronsa, amma a makare na koya. Na ce wa yarinyar ta kashe wayar. Ni ban taɓa buɗe kwalin nan ba.