Ranar da Inna Ta Ƙona Labaran Ɗalibaina

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina koyarwa a Damagaram, ban da ranar da Inna ta ƙona mini takardu. Har yau in na ji ƙaurin takarda, sai ranar ta dawo mini.

Lokacin ina koyar da Faransanci a wata kwaleji, yara suna kirana Mushe, wato malam da Faransanci, kuma taurin kaina ba baƙon kowa ba ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk littafin Hausa da na kama ɗalibi ya ɓoye a ƙarƙashin tebur, daga Kano ya fito. Labaran suna da daɗi, ban musa ba, amma babu unguwanninmu a ciki, babu layin jarkoki a bakin famfo, babu komai namu. Sai na ce wa 'yan ajina su rubuta nasu. Mutum goma sha huɗu suka kawo, kowa da gajeren labarinsa da rubutun hannu. Wani Bakano mai sayar da littattafai a kasuwa ya yarda zai tafi da su a buga mana, muddin na kai masa kafin ya koma gida bayan mako uku. Ranar da za a ba da hutu na tsaya gaban aji na cika baki, na ce in an dawo kowa zai ga sunansa a littafi.

Kwana biyu da yin haka aka yi ruwan farko. Ɗakina a unguwar Kara-Kara ya yi yoyo, takardun suka jiƙe. Da safe na shanya su a tsakar gida, na danne da 'yan duwatsu, na tafi makaranta duba jarrabawa. Ban gaya wa kowa ko mene ne ba, nan kuwa wautata take.

Da azahar na dawo na tarar da mahaifiyata zaune a inuwa, fuskarta wasai.

"Na gyara maka ɓarnarka," in ji ta. "Iska ta watsa takardun nan, kaji suna ta tattakawa, har wasu sun faɗa kwata. Sunan Allah a ƙasa, a gidana? Na tattara duka na ƙona, tokar na binne ta a gindin dogonyaro."

Inna ba ta yi boko ba. Su kuwa yaran nan duk sun bi ta makarantar allo, ba mai fara rubutu sai ya sa Bismillahi da Larabci a saman shafi. Shi kaɗai ta iya karantawa a takardun, ta kuma yi abin da aka koya mata tun tana yarinya.

Raina ya ɓaci, amma wa zan yi wa faɗa? Da ƙyar na ce, "Inna, labaran yara ne, kuma su ke nan, babu wasu."

Ta dubi gindin dogonyaron. Can ta ce, "To, me ya sa ka bar wa kaji su?"

Ba zan ɓoye ba, zuciya ta raya mini dabara. Na karanta labaran nan, ai sai in zauna in sake rubuta su da kaina, in sa sunayen masu su, ba mai ji ba mai gani. Har na gwada shafi biyu. Da na karanta sai na ji muryar magidanci mai tumbi tana kwaikwayon 'yan shekara sha biyar. Kunya ta kama ni. Na ɗaura aniya zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in faɗi gaskiya, in roƙi su sake.

Na cikin gari ba su ba ni wuya sosai ba. Wasu sun yi mini dariya, wasu sun yi ƙunƙuni, wani ma ya ce dama ƙarshen nasa bai yi masa ba. Na ƙauye ne suka ci mini takalmi. Biyu na iske su a gona wajen Damagaram Takaya, a kan kunya suka zauna suka rubuta, ni kuma na karɓi hauyar ɗaya don kada ubansa ya ce na hana aiki, na bar kowa yana dariyar nomana. Cikin mako biyu na haɗa goma sha uku.

Saura ɗaya, wata yarinya marar magana da ke hutu wurin kakarta a ƙauyen Garagumsa. Labarinta a kan safiyar da mahaifiyarta ta tafi Aljeriya neman abin rufin asiri ne, ba ta kuma dawo ba. Na same ta tana tsinkar zogale. Bayan mun gaisa na gaya mata abin da ya faru.

"Mushe, ku yi haƙuri, ku buga ban da ni," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Wancan ma da ƙyar na kai ƙarshensa."

Na ce, "Ban zo in tilasta miki ba. Bari in faɗi abin da na tuna, in daidai ne, ki ba ni izini in rubuta." Na fara: ga uwa a tasha, ta rungume 'yarta tana kuka, mota tana shirin tashi. Ashe kaina ya cakuɗa labarinta da irin waɗanda na saba karantawa.

"Ba haka ba ne, Mushe." Yanzu kam ta dube ni. "Ba ta yi kuka ba. Ba ta ma bari na raka ta tasha ba. Kitso ta yi mini, ƙanana ƙwarai, wai don ya daɗe. Ta ce kafin ya tsufa ta dawo. Wata huɗu ban yarda an tsefe shi ba."

Maganar kitson nan babu ita a wanda aka ƙona, ban taɓa jin ta ba sai ranar. Idona ya kawo ruwa. Ita ce ta ture kwaryar zogalen, ta miƙo hannu na ba ta biro da takarda. Ta yi ta rubutu har la'asar, ni ina gefe ina shan furar kakarta, ban sa mata baki ko sau ɗaya ba.

Saura kwana biyu Bakanon ya tafi na damƙa masa labarai goma sha huɗu cif. Littafin ya fito siriri, bangonsa ma a ɗan karkace, amma ba sunan da ya ɓace.

Da na bi waccan dabarar tawa, da masu karatu sun sami kukan tasha na ƙarya da sunan yarinyar nan a kai, kitson uwarta kuwa ya tafi ba wanda ya sani. A nan na yarda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tun daga ranar ban sake yi wa yaro karambani a labarinsa ba. Nawa shi ne in je inda yake, komai nisa, in zauna in jira har ya faɗa da bakinsa.