Ranar da Ƙasa Ta Tsage a Ƙarƙashin Sitonmu

Akwai wata ranar Talata a ƙarshen wata damina da ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi. Shekaru sun wuce, furfura ta fara fito mini, amma har yau idan na taka ƙasa mai danshi na ji ta ɗan lotsa, sai gabana ya faɗi.

A lokacin ni ne magatakardan ƙungiyar manoman shinkafa ta ƙauyenmu, wanda yake bakin kogi tsakanin Hadejia da Baturiya. Tsakaninmu da ruwa akwai jinga, wato doguwar ganuwar ƙasa da aka tara don tare ambaliya. Ƙungiya ta gina babban sito a gindin jingar nan, saboda filin ya yi arha, kuma mota tana iya zuwa har bakin ƙofa. Makullin siton a hannuna yake.

Ranar da ake haƙa harsashin ginin, wani dattijo mai haƙar rijiya, wanda kowa a garin yake kira Baba, ya zo ya tsuguna a bakin ramin. Ya damƙo ƙasa ya murza, ya ce wa shugabanmu, "Alhaji, lakar nan ba ta fi kamu biyu ba. A ƙarƙashinta yashi ne zalla. Tsohuwar hanyar kogi ce ta bi ta nan. Rijiya uku na haƙa a kan layin nan, duk sun rufta." Alhaji ya gode masa, ya ce siminti zai riƙe. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi murmushi.

Tsarinmu mai sauƙi ne. Manomi zai kawo shansherarsa ta noman rani, wato shinkafar da ba a cashe ba, mu auna, mu ba shi takarda mai hatimin ƙungiya, duk ranar da ya so ya zo ya karɓi buhunansa. Ba a jima ba takardun nan suka fara yawo a gari kamar kuɗi. Mai kanti yana karɓa, mai rago yana karɓa, har kayan ɗaki an saya da su. Wanda ya karɓa shi ma sai ya miƙa wa wani, don kowa ya san shinkafa tana nan a sito. Ai ana ganinta ta ƙofa idan na buɗe.

Da Alhaji ya lura mutane ba sa zuwa ɗaukar buhunansu sai jefi-jefi, sai ya kawo shawara a sayar da wani kaso, a sayo taki da injinan ban ruwa a raba wa 'yan ƙungiya, su biya da shinkafa idan kaka ta yi. Ba sata ya yi niyya ba, wannan zan iya rantsewa a kai. Shekarar farko abin ya yi kyau, shekara ta biyu muka ƙara. A shekara ta uku buhunan da ke sito ba su kai rabin abin da ke rubuce a takardun mutane ba. Mu biyu kaɗai muka sani. Ni da hannuna na jera buhunan a gaba har sama, na bar baya fayau, don wanda ya leƙo ya ga a cike yake. Ina gaya wa kaina ai ba kowa ne zai zo rana ɗaya ba. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, shinkafar da ke sito, da wadda za a biya mu da ita, da darajar takardun kansu, duk a kan fadama ɗaya suka dogara, a bayan jinga ɗaya.

A daminar nan ruwa ya yi yawa, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin kogi, ruwan ya rasa inda zai bi sai ya yi ta taruwa a jikin jingarmu. Ran Talatar, da hantsi, ina bakin sito sai ga Baba ya zo, bai ko amsa gaisuwata yadda ya saba ba.

"Taso ka gani," ya ce.

Muka zagaya baya. A gindin jinga, ta ɓangarenmu da ya kamata a ce busasshe ne, ruwa yana ɓulɓulowa daga cikin ƙasa kamar tukunya tana tafasa. Daga nan wata tsaga ta taso, faɗinta bai wuce yatsa biyu ba, ta miƙe ta shige ƙarƙashin bangon sito. Baba ya zura sandarsa a ciki. Sandar ta tafi har hannunsa ya taɓa ƙasa, ba ta tokari komai ba.

Ya tari ruwan da tafinsa ya nuna mini. "Da garau yake fitowa da ban damu ba. Ka ga yashi? Cikin jingar yake kwasowa. Ta ƙasa yake cin ta."

Na ce, "Baba, kwana nawa za ta yi?"

Ya dube ni. "Ba na jin za ta kai la'asar."

Na kira Alhaji a waya, yana Hadejia. Ya ce, "Kada ka buɗe, kada ka gaya wa kowa. Zan nemo mota in zo." Na san abin da yake tsoro, don ni ma shi nake tsoro. Amma wasu mata da suka zo ɗiban ruwa sun riga sun gani. Kafin in zagayo gaban sito, mutane sun fara tahowa, wani da amalanke, wani da baro, wani da jaki, kowa da takarda a hannu. Har waɗanda ba su taɓa noma shinkafa ba, waɗanda takardar ta je hannunsu ta hanyar ciniki, duk sun zo.

A gaba-gaba akwai gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu. Duk abin da ta noma a ranin nan ita ta kawo mana, ta ce ta fi amincewa da inda nake.

"Buɗe mana, ɗana," ta ce. "Mu kwashe tun da sauran lokaci."

Na tsaya na jingina da ƙofar ƙarfen, makulli a aljihuna. A bayana ruwa yana cin ƙasa, a gabana mutane suna ƙaruwa. Idan na buɗe, na farko za su samu, na baya su tarar da fili, kuma na san a cikin wannan turmutsutsin sai an yi jini. Idan na ƙi buɗewa, kogi ya cinye duka. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Allah ya kawo Bulama, wato mai garinmu. Ya ratsa mutane ya zo kusa da ni, ya ce, "Me kake jira?" Na sunkuya na raɗa masa gaskiya. Fuskarsa ba ta canza ba, sai dai ya daɗe yana kallona.

"Hau amalanken nan ka faɗa musu da bakinka," ya ce.

"Ranka ya daɗe, za su kashe ni."

"Idan suka shiga suka gani da idonsu ne za su kashe ka. Hau."

Na hau. Ban san yadda muryata ta fita ba. Na ce buhunan da ke ciki ba su kai rabin na takardu ba, sauran an sayar an sayi takin da injinan da aka raba. Wani mutum da ya sayar da sansa na noma aka biya shi da takardunmu ya matso ya damƙi wuyan rigata, ya jawo ni ƙasa. Ina ganin jijiyar wuyansa. Na rufe ido ina jiran duka.

A daidai nan bangon bayan sito ya yi wata ƙara, kamar an karya busasshen icce. Kowa ya juya. Baba ya fito daga baya, ƙafafunsa duk laka, ya ce, "Shari'ar nan ku ajiye ta sai gobe. Ginin ya fara zama."

Bulama ya ɗaga murya ya yanke hukunci: ba wanda zai kai buhu gidansa, duk abin da aka fitar a kai makarantar firamare da ke kan tudu, a kulle, a raba daga baya a gaban kowa. Mai san nan ya sake ni. Shi ne ma ya fara sa kafaɗa a ƙofar da na buɗe ta ƙi turuwa, don ginin ya karkace ya matse ta.

Da yake ni na san yadda buhunan suke, ni na shiga can ciki ina miƙowa. Da muka janye layin gaba, mutane suka ga filin da ke baya. Na ji idanunsu a jikina. Daɓen simintin ya rabe biyu, ruwa mai yashi yana fitowa ta tsagar yana malala. Duk buhun da na ɗaga sai in ji ƙasa ta ɗan motsa a ƙarƙashin ƙafata, kamar ina tsaye a cikin kwale-kwale. Ta tsagar bango ina hango hasken rana, kuma duk sanda na ɗaga kai sai in ga hasken ya ƙara faɗi. Ina ta salati a zuci. Muka yi ta yi har azahar ta wuce, ba wanda ya tsaya.

Saura layi ɗaya Baba ya leƙo ya ce, "Ku fito. Yanzu." Wani ya ce bari a ƙarasa. Baba ya shigo da kansa ya kama hannuna ya ja. Ba mu yi nisa ba muka ji wani irin gurnani daga ƙasa. Na waiwaya na ga jingar ta durƙusa a daidai inda ya nuna mini, ba ta sama ruwan ya tsallako ba, gindinta ne ya zame. Bangon bayan sito ya kwanta, rufin kwano ya bi shi, jan ruwa ya shiga ta baya ya fito ta ƙofa. Muka ruga kan tudu. Daga can muka tsaya muna kallo ruwa yana shanye fadama, gona bayan gona, da shinkafar da ta fara fitar da kai, wadda da ita za a cike gurbin abin da muka sayar. Alhaji ya iso da motarsa bayan la'asar, ya tarar babu hanya.

Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma tun a yammacin nan mai kanti ya daina karɓar takardunmu, washegari kuwa ko goro ba a saye da su. Ciniki ya tsaya cak a garin. Wanda yake da kuɗi ya ɓoye, wanda yake da hatsi ya ƙi sayarwa, an ɗaga bukukuwan aure biyu, samari da yawa suka tafi ci-rani tun kafin lokaci. Da aka raba abin da muka tsirar, kowa ya samu ƙasa da rabin haƙƙinsa. Alhaji ya sayar da gidansa na Hadejia, ni na sayar da gonar gadona, muka rage wa mutane asara, amma ba mu iya cikewa ba.

Gwaggona ta fi shekara ba ta yi mini magana ba. Ranar da na samu ƙarfin halin zuwa gidanta na durƙusa, ta bar ni na gama ba da haƙuri, sannan ta ce, "Ruwa na Allah ne, ban riƙe ka da shi ba. Amma sau nawa na biyo ta ƙofar siton nan na tambaye ka ya kayanmu, ka dubi idona ka ce lafiya lau?"



Abin da na koya shi ne, masifa irin wannan ba a ranar da ta afku take farawa ba. Tana daɗewa a ɓoye, kuma kusan kullum akwai wanda ya sani ya yi shiru. A namu, ni ne. Tun daga nan, duk wanda ya ba ni amanar abinsa, idan ya tambaye ni halin da yake ciki, ina gaya masa yadda yake tun ranar da babu tashin hankali, ko da zai ɓata rai ya karɓe kayansa. Ɓacin ran yini ɗaya ya fi mini sauƙi a kan in sake hawa amalanke in faɗi gaskiya bayan ta daina amfanar kowa.