Hatimin Nawfal Yana Aljihuna

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, aka same ni a bakin shagona a unguwar Darb Sultan, aka ce mini Nawfal Zarhuni ya faɗi a tashar jirgin ƙasa, ƙirji ya riƙe shi, bai kai asibiti ba. Tun daga ranar na kasa zama wuri guda. In buɗe shago, in rufe, in sake buɗewa.

Ni ne Larbi mai faci, wanda yaran layi ke kira Ba Larbi, wato Baba Larbi. Ban yi makaranta ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma abin da ya faru a layinmu yana kaina, kuma ba na yarda a gyara mini shi.

Nawfal, kana saurayi ka kama ɗakin bayan shagona, ka ce kamfanin faifai za ka buɗe. Kiɗan fank, mai zafin nan da kuke kira hadkwa, wanda rediyo ba ta sakawa. Na saurara na ce, "Ɗana, waƙa ce wannan, ko faɗa ake yi a maƙera?" Ka ce, "Ba Larbi, kai da kake wuni kana dukan taya, yau ƙara ce ta dame ka?"

Yaran da kowa ya kora, kai ka karɓe su. Ka ɗauki muryarsu, ka fitar musu da kaset, ranar Juma'a kuma ka zaunar da su gaban kuskus ɗin mahaifiyarka, Lalla Zuhur. Da yanar ido ta rufe mini gani, kai ka riƙe hannuna zuwa asibiti.

Ƙa'idarka ɗaya ce: kaset ba ya fita sai masu waƙar sun zauna tare a ƙasa, sun naɗe bangonsa da hannunsu, sun buga wa kowane hatimi. Hatimin ni na sassaƙa maka daga tsohuwar taya, hoton ƙusa lanƙwasasshiya. Ka ce waɗanda suka kasa zama tare su manna takarda ba su isa su yi wa gari ihu ba.

To ka tafi ka bar kaset na ƙarshe a kwali, babu bango. Masu shi, yarinyar nan Gita mai ganga da Ilyas mai waƙa, ba sa ga-maciji tun kafin azumi, kai kake shiga tsakani. Jiya Ilyas ya zo shi kaɗai.

"Ba Larbi, kawo hatimin in kai maɗaba'a, a gama."

"Je ka zo da Gita."

"Wallahi a taurin kai alfadari ma ya sallama maka."

"Alfadarin ne ya sassaƙa shi."

In ba su zo tare ba, kaset ɗinka zai tsufa a kwali, ni za a zarga, na kuma yarda. Na share ɗakin, na dama manne, na shimfiɗa tabarma. Juma'a bayan salla ƙofa a buɗe take.

Allah ya jiƙan ka, Nawfal, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka. Ina yi wa 'yan'uwanka ta'aziyya, da Lalla Zuhur, wadda ta ce za ta aiko mana da kuskus na mutum uku. Allah ya ba ta haƙuri, ya sa kada farantin ya koma mata da saura.